Maganin tada garkuwar jiki, kemo ko maganin saiti: wanne ya dace da ciwon dajin da ya bazu?

Idan likita ya ce ciwon daji ya kai mataki na huɗu, abin da yake nufi shi ne ciwon ya bar inda ya fara, ya yada zango a wani wuri: huhu, hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa. Daga nan wuƙar tiyata ita kaɗai ba ta wadatarwa, sai maganin da zai bi jini ya zaga jiki duka. Shekara ashirin da suka wuce, a mafi yawan irin wannan hali maganar guda ce, kemo, wato magani mai kashe ƙwayoyin ciwon kai tsaye. Yau kuwa likita na iya jero wa iyali hanya uku ko huɗu a zama ɗaya, su fito kansu a ɗaure, kowa da abin da ya riƙe. Kalmar da ta fi maƙalewa a kunne ita ce sabuwar, imunoterafi, wato maganin da ke tada garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Ba banza ba. An ji labarin tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda a 2015, yana da shekara 90, aka gano sankarar fata ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa tiyata, aka yi masa gashi da na'ura, aka ɗora shi a kan pembrolizumab, ɗaya daga cikin magungunan tada garkuwa, ya rayu har ƙarshen 2024, ya cika shekara 100. Wa zai ji wannan bai so wa mahaifinsa irinsa ba?

Labarin gaskiya ne. Sai dai Carter ya yi dace da irin ciwon da ya fi jin wannan magani, kuma abin da na fi so mai karatu ya riƙe ke nan tun daga farko: sabuntar magani ba ta yanke hukunci. Abu uku ke yankewa, wato inda ciwon ya samo asali, abin da gwajin tsokarsa ya nuna, da ƙarfin da ya rage a jikin majinyaci.

Yadda kowanne yake aiki

Kemo guba ce da aka auna. Tana kashe duk ƙwayar halittar da ke saurin rabuwa, kuma da yake ƙwayoyin ciwon daji sun fi kowa gaggawa, su suka fi shan kashi. Amma ɓargo, da cikin baki, da bangon hanji, da tushen suma, su ma masu saurin rabuwa ne, shi ya sa ake ganin ƙarancin jini, gyambon baki da zubewar suma.

Maganin saiti kuwa maharbi ne. Wani ciwon yana dogara kacokan a kan wata tangarɗa guda a ƙwayoyin gadonsa, kamar EGFR ko ALK a huhu, ko HER2 a mama, ko BRAF a fata. Idan an gano tangarɗar, akwai maganin da aka ƙera dominta, da yawansu ƙwayoyi ne da ake haɗiya a gida. Idan babu ita, maganin ba shi da abin harbi.

Na ukun shi ne ke buƙatar dogon bayani, domin shi ba ya taɓa ciwon ko kaɗan. A cikin jini akwai wasu fararen ƙwayoyi da ake kira ƙwayoyin T, aikinsu sintiri da kashe duk abin da ba na gida ba. An halicce su da birki, don kada su wuce gona da iri su far wa jikin da suke karewa. Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, ya gano ɗaya daga cikin birkunan a Jami'ar Kyoto a 1992, aka sa masa suna PD-1. James Allison na Amurka ya nuna a 1996 cewa idan aka toshe wani birkin, CTLA-4, a jikin ɓeraye, ciwon daji na narkewa. Su biyun suka raba kyautar Nobel ta likitanci a 2018. Wayon ciwon daji shi ne yakan lulluɓe kansa da wani sinadari, PD-L1, wanda da ya taɓa ƙwayar T sai ya taka mata birki, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba. Maganin yana shiga tsakani ne ya hana taka birkin. Ipilimumab, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011, yana sakin CTLA-4. Pembrolizumab da nivolumab, da suka fito a 2014 da sunayen kasuwa Keytruda da Opdivo, suna sakin PD-1. Atezolizumab da durvalumab suna toshe PD-L1 ɗin da kansa.

Daga wannan bayanin kaɗai mutum zai iya hango alherin maganin da sharrinsa. Idan ƙwayoyin T sun riga sun gane ciwon, birki ne kawai ya riƙe su, sakinsu na iya yin abin da kemo bai taɓa yi ba, kuma da yake garkuwar jiki ba ta mantuwa, aikin na iya ɗorewa shekaru bayan an daina shan magani. Idan kuwa tun asali ba su gane shi ba, an saki birkin motar da ba a tayar ba ke nan. Sannan sojan da aka kwance wa linzami yana iya juyowa kan mutanen gida.

Riba iri biyu

A nan ne iyalai suka fi ruɗewa, domin ana gwada abu biyu da ba mudu ɗaya ake auna su da shi ba. A ciwon da ya bazu, kemo yakan rage ƙari, ya sassauta zafi, ya ƙara watanni, sannan ciwon ya koyi kauce masa ya dawo. Maganin garkuwa kuwa wasu ba ya yi musu komai, amma cikin waɗanda ya karɓa akwai rukunin da ke samun shekaru, har likitoci su fara ambaton kalmar warkewa da taka-tsantsan.

Sankarar fata mai suna melanoma ita ce babbar shaida. Kafin 2011, wanda ta bazu a jikinsa, a matsakaicin lissafi ba ya cika shekara. A babban gwajin da ake kira CheckMate 067 an bi majinyata shekara goma: kashi 43 cikin 100 na waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab suna raye, kashi 37 na masu nivolumab kaɗai, kashi 19 na masu ipilimumab kaɗai. Duk wanda ya san yadda wannan ciwo yake a da, ya san wannan ba ƙaramin al'amari ba ne.

A sankarar huhu lissafin ya fi ƙanƙanta, amma yana nan. Gwajin KEYNOTE-024 ya ɗauki masu ciwon huhu da ya bazu waɗanda aƙalla rabin ƙwayoyin ciwonsu ke ɗauke da PD-L1. Bayan shekara biyar, kusan kashi 32 na waɗanda aka fara wa da pembrolizumab suna raye, a ɓangaren kemo kuwa kashi 16. An ninka, gaskiya ne. Amma a karanta shi ta ɗaya fuskar kuma: cikin mutum uku da aka ba maganin, biyu ba su kai shekara biyar ba, alhali su ne zaɓaɓɓun da gwaji ya ce sun fi dacewa da shi.

Idan aka haɗa kowane irin ciwon daji wuri guda, hoton ya fi dusashewa. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Alyson Haslam da Vinay Prasad, sun ƙiyasta a 2019 cewa kusan kashi 44 na masu ciwon da ya yi nisa a ƙasar sun cancanci a ba su irin wannan magani, amma waɗanda ake sa ran ciwonsu zai ja baya ba su wuce kashi 13 ba. An faɗaɗa amfani da magungunan tun daga lokacin, amma darasin bai canja ba: waɗanda ba ya yi wa aiki sun fi yawa.

Daga ina ciwon ya taso?

Sankarar mama da ta koma huhu, sankarar mama ce har yanzu, kuma da maganin mama ake tunkararta. Wannan tambaya ita ce ta farko, kuma ita kaɗai takan rufe maganar ga mutane da yawa.

Inda maganin garkuwa ya kafu sosai akwai melanoma, mafi yawan sankarar huhu, ƙoda, mafitsara, baki da maƙogwaro, da nau'in sankarar kaluluwa da ake kira Hodgkin. Ko a melanoma ɗin akwai abin lura da ba a cika faɗa ba: nau'in da ke fitowa a tafin ƙafa, tafin hannu ko ƙarƙashin farce, wanda shi ne ya fi kama masu baƙar fata, bai kai wanda zafin rana ke haddasawa jin maganin ba, kuma manyan gwaje-gwajen ba su ƙunshi masu irinsa da yawa ba. Ana ba da maganin, yana kuma yi wa wasu aiki, amma kada a ɗauki alƙaluman da na kawo a sama a ɗora masa kai tsaye.

Akwai rukuni na tsakiya, inda maganin ke ƙara wani abu idan an haɗa shi da wani. A sankarar hanta, haɗin atezolizumab da bevacizumab, mai hana ƙari samun sababbin jijiyoyin jini, ya kai matsakaicin rayuwa wata 19, tsohon maganin sorafenib kuwa wata 13, amma a jikin mutanen da hantarsu ke aiki da kyau aka gwada shi, kuma sai an fara leƙa maƙoshi da na'ura an tabbatar babu kumburarrun jijiyoyin da za su fashe. A sankarar bakin mahaifa da ta bazu ko ta dawo, ƙara pembrolizumab a kan kemo ya ɗaga matsakaicin rayuwa daga wata 17 zuwa 26. A mama, nau'i ɗaya ne ya amfana a fili, wanda ba ya jin maganin homon (sinadarin jiki da ke ciyar da wasu sankarori) kuma ba shi da HER2, shi ma sai gwajin PD-L1 ya kai wani mizani: wata 23 a maimakon 16.

Sai kuma inda har yau maganin bai taɓuka abin kirki ba: fankiriyas (gaɓar ciki mai samar da insulin), furostet (gaɓar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza), ƙarin ƙwaƙwalwa mai suna giliyobilastoma, mafi yawan sankarar babban hanji, da sankarar mama mai jin homon. Mai furostet da ya bazu, maganin rage homon na maza ne zai riƙe shi, wani lokaci shekaru. Sannan akwai ciwon da kemo ke warkarwa sarai ko da ya bazu, kamar sankarar maraina, wadda maganin kemo mai suna cisplatin ya juya labarinta tun shekarun 1970, da nau'o'in sankarar kaluluwa da dama. Wanda ya guje wa kemo a irin wannan wuri don ya ji ana yabon sabon magani, garin neman gira ya rasa ido.

Gwajin tsoka kafin allurar farko

Ɗan naman da aka yanko don tabbatar da ciwon, shi ne kuma zai nuna hanya. Gwaji uku ne suka fi muhimmanci.

Na farko PD-L1. Yana ba da haske, amma ba alƙali ba ne: akwai mai shi da yawa da maganin bai karɓa ba, akwai marar shi da ya amfana. A huhu, idan ya kai kashi 50 ana iya ba da pembrolizumab shi kaɗai. Idan bai kai ba, yawanci sai a haɗa da kemo.

Na biyu shi ne wanda za a gani a takarda an rubuta MSI-H ko dMMR. Ma'anarsa ciwon ya rasa injin gyara kurakuran ƙwayoyin gadonsa, kurakuran suka taru har ya zama baƙo ƙarara a idon garkuwar jiki. Irin wannan ciwo yana jin maganin sosai, ko daga ina ya taso, har ta kai a 2017 aka amince a ba da pembrolizumab bisa wannan alama kaɗai, ba tare da duba gaɓar da ciwon ya fito ba, abin da ba a taɓa yi wa wani magani ba kafin nan. A babban hanji da ya bazu, kusan mutum 1 cikin 20 ne ke da alamar. Ga wannan ɗayan, gwajin KEYNOTE-177 ya nuna maganin ya riƙe ciwon wata 16 da rabi, kemo wata 8. Ga sauran 19 ɗin kuwa, maganin garkuwa kusan zubar da kuɗi ne. Gwaji ɗaya ne ke raba su, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na allura ɗaya ba.

Na uku shi ne neman tangarɗar da maganin saiti zai harba, kuma a nan ake tafka kuskuren da ya fi ba ni takaici. Mai sankarar huhu da ke da EGFR ko ALK, wanda sau da yawa bai taɓa shan taba ba, maganin garkuwa shi kaɗai ba ya yi masa abin a zo a gani, ko da PD-L1 ɗinsa ya yi sama. Ƙwayar maganin saiti mai suna osimertinib, sau ɗaya a rana, ta riƙe ciwon EGFR kusan wata 19 a gwajin da aka yi mata, tana kuma ratsawa har ƙwaƙwalwa. Abin da ya ƙara muni, idan aka fara da maganin garkuwa sannan aka koma osimertinib ba da jimawa ba, haɗarin kumburin huhu mai tsanani yana ƙaruwa. Sakamakon PD-L1 yakan riga na ƙwayoyin gado fitowa, iyali kuma hankalinsu a tashe yake, suna so a fara wani abu yau. Idan majinyaci zai iya jira mako biyu ko uku, a jira. Idan ba zai iya ba, likitoci da dama sukan fara da zagaye ɗaya na kemo kaɗai har sakamako ya iso.

A melanoma mai BRAF kuwa lissafin juyawa ya yi. Maganin saiti yana narkar da ƙari cikin makonni, amma da aka gwada wanne ya kamata ya riga, waɗanda aka fara wa da maganin garkuwa kashi 72 suna raye bayan shekara biyu, waɗanda aka fara wa da na saiti kashi 52. Saboda haka babu doka guda da za a haddace a yi ta amfani da ita ko'ina.

Shi kaɗai, biyu a haɗe, ko tare da kemo

Maganin garkuwa ba shi da hanzari. Yakan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin a ga tasirinsa a hoto. Ko a wancan gwajin na babban hanji da ya yi nasara, waɗanda ciwonsu ya ci gaba tun a watannin farko sun fi yawa a ɓangaren pembrolizumab, kusan kashi 29, a ɓangaren kemo kuwa kashi 12. Wanda ƙari ya danne masa hanyar numfashi, ko hantarsa ke cika da sauri, ba shi da wata ukun da zai ba da aro. A nan haɗawa da kemo ke da ma'ana: kemo ya tare gaba, garkuwa ta iso daga baya.

Haɗa magungunan garkuwa biyu kuwa, kowa ya ci zomo ya ci gudu. A gwajin melanoma, fiye da rabin waɗanda aka haɗa wa biyu sun gamu da illa mai tsanani, a masu nivolumab kaɗai kuwa kusan mutum 1 cikin 5. Ratar kashi 43 da 37 tana da daraja ga matashi mai ƙarfi, musamman idan ciwon ya kai ƙwaƙwalwa, inda haɗin ya fi tasiri. Ga dattijon da ke fama da zuciya da ƙoda, a ganina guda ɗaya ya fi hankali.

Illolin: wanda ake jira da wanda ke zuwa ba sallama

Ana yawan cewa maganin garkuwa ya fi kemo sauƙi. Ga mafi yawan mutane haka ne. Suma ba ta zuba, amai ba ya yawa, mutum ya zauna rabin awa ana yi masa ƙarin ruwa ya tashi ya koma harkarsa, abin da zai ji bai wuce kasala da ƙaiƙayi ba. Amma wahalar kemo tana da jadawali. An san tashin zuciya na kwanakin farko ne, an san fararen ƙwayoyin jini sukan faɗi tsakanin kwana 7 zuwa 14, an san zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi a wannan tsakanin na gaggawa ne, an kuma san jiki zai farfaɗo kafin zagaye na gaba. Mafi yawan illolinsa suna wucewa idan an gama, ban da wasu kamar mutuwar jijiyoyin yatsu da raunin ji.

Illar maganin garkuwa ba ta da rana. Tana iya zuwa a mako na uku, tana iya zuwa a wata na goma, tana iya zuwa watanni bayan an daina maganin, kuma babu gaɓar da ta fi ƙarfinta, domin ƙaiƙayi ne ya koma kan masheƙiya. Idan hanji ta kama, gudawa ce, wani lokaci da jini, kuma idan aka yi sakaci hanjin na iya hujewa. Idan huhu ne, busasshen tari da sarƙewar numfashi. Idan hanta ce, gwajin jini ne zai fara nunawa kafin ido ya yi rawaya. Kusan mutum 1 cikin 10 tayirod ɗinsa da ke wuya yakan raunana, kuma wannan ba ya dawowa, sai shan ƙwayar homon har ƙarshen rayuwa. Kaɗan sukan wayi gari da ciwon suga mai buƙatar insulin. Wanda ya fi haɗari shi ne kumburin tsokar zuciya. Da wuya ake ganinsa, amma idan ya zo yana kisa. A jimlace, mutuwa sanadiyyar maganin ba ta kai mutum 1 cikin 100 ba ga masu shan guda ɗaya irin pembrolizumab ko nivolumab, ta ɗan haura 1 cikin 100 ga masu haɗin biyu.

Maganin waɗannan illoli shi ne a sake taka birkin da aka saki, da sitiroyid, wato magungunan kwantar da garkuwa da kumburi, irin su prednisolone, na tsawon makonni, a janye a hankali. Idan an kama da wuri, yawanci ana shawo kansu. Matsalar ita ce kama suke yi da cututtukan yau da kullum. Mai gudawa ya sayi maganin tsayar da ciki ya yi shiru, mai tari a yi ta ba shi maganin namoniya, kwana biyar su wuce. Don haka ni ina ganin tambayar da ta fi "za mu iya samun maganin?" nauyi ita ce: idan gudawa ta kama shi da tsakar dare, wa za mu kira, kuma asibitin da za mu je sun san wannan magani? Duk mai shan sa ya riƙa yawo da takarda mai sunan maganin da ranar allurar ƙarshe, ya nuna wa kowane likita, ko da shekara ta zagayo da dainawa.

Jikin da zai ɗauka

Kusan duk alƙaluman da na kawo, daga mutanen da ke tafiya da ƙafafunsu suna yi wa kansu hidima aka samo su. Wanda ke kwance fiye da rabin yini, ya rame, ba ya cin abinci, da wuya maganin garkuwa ya tashe shi, domin garkuwar da za a tada ita ma ta gaji. Tsufa shi kaɗai ba ya hanawa. Carter shaida ne. Ƙarfi ake dubawa.

Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko hanta yana cikin haɗarin jikinsa ya ƙi dashen. Mai cutar da garkuwa ke yaƙar jiki tun asali, kamar lufus ko kumburin hanji na dindindin, cutarsa na iya tashi, ko da yake ana ba wasunsu da sa ido. Wanda ke shan sitiroyid mai yawa tun kafin a fara, tasirin maganin na iya raguwa. A yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin fara ko wanne daga cikin magungunan nan, a kuma gaya wa likita idan an taɓa yin tarin fuka. Mai ɗauke da HIV da ke shan maganinsa yadda ya kamata, ba a hana shi.

Tsawon tafiya da nauyin aljihu

Kemo yawanci zagaye huɗu ne zuwa shida, a huta. Pembrolizumab kuwa miligiram 200 ne duk mako uku, ko 400 duk mako shida, har zuwa shekara biyu idan yana aiki, wato allura 35 idan duk mako uku ne, ga gwajin jini kafin kowacce, ga hoto duk bayan 'yan watanni. Yana cikin magunguna mafi tsada a duniya, yayin da mafi yawan magungunan kemo suka daɗe da arha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da nivolumab cikin jerin muhimman magunguna a 2019 saboda melanoma, amma shiga jeri bai sauke farashi ba. Kafin a sayar da kadara, a yi lissafin tafiyar duka, a kuma ware na jinyar illa idan ta taso. Iyalin da suka ƙarar da komai a allura uku, suka rasa na hoton da zai nuna ko ta yi aiki, suka rasa na maganin zafi, sun shiga halin da ya fi na farko wuya.

Akwai wani bincike da ya cancanci a sani. A asibitin Tata Memorial da ke Mumbai a Indiya, an ƙara nivolumab ɗan kaɗan, miligiram 20 duk mako uku a maimakon 240 duk mako biyu da aka saba, a kan kemo mai sauƙi ga masu sankarar baki da maƙogwaro. Waɗanda suka kai shekara guda sun tashi daga kashi 16 zuwa 43. Gwaji ɗaya ne a ciwo ɗaya, ba a kuma gwada shi da cikakken awo ba, amma abu ne da za a iya tattaunawa da likita. Ba abin da mutum zai yanke wa kansa ba ne.

A yi hattara da masu cin kasuwa da sunan. Garin magani ko ƙwayar da ake tallatawa da "ƙara ƙarfin garkuwa" ba su da dangantaka da abin da muke magana a kai. Magungunan nan a sanyi ake ajiye su, an kuma sha kama jabunsu, don haka ta hannun asibiti kaɗai ya kamata su fito. CAR-T da ake ji, inda ake ɗebo ƙwayoyin T na majinyaci a sauya su a mayar, wanda aka fara amincewa da shi a 2017, na wasu sankarorin jini ne, kuma sai a manyan cibiyoyi ƙalilan.

A sa ranar dubawa tun kafin a fara

Kulawar sassauci, wato maganin zafi, numfashi, barci, cin abinci da kwantar da hankali, mutane sukan ɗauke ta a matsayin sallama. Wani gwaji da aka buga a 2010 daga babban asibitin Massachusetts ya nuna akasin haka. Masu sankarar huhu da ta bazu, waɗanda aka haɗa da ma'aikatan sassauci tun daga farko tare da maganinsu, sun fi jin daɗin rayuwa, baƙin cikinsu ya ragu, kuma matsakaicin rayuwarsu ya kai wata 11.6, na sauran 8.9. A nemi wannan kulawa ko wace hanya aka zaɓa. Ga wanda jikinsa ya riga ya yi rauni ƙwarai, ita kaɗai ma zaɓi ce mai mutunci, kuma takan ba shi kwanaki a gida cikin iyalinsa da allura za ta cinye a gadon asibiti.

Idan an yanke shawarar gwada maganin garkuwa, a zauna da likita a amince tun ranar farko: za a yi hoto bayan mako 9 zuwa 12, kuma ga abin da za a yi da kowane sakamako. Idan ƙari ya ragu ko ya tsaya, a ci gaba. Idan ya ƙaru, akwai wani abu da ya kamata a sani: wani lokaci ƙwayoyin T ne suka cika ƙarin har ya kumbura a hoto, daga baya ya sace. Hakan na faruwa, amma bai kai ga mutum 1 cikin 10 ba, kuma alamarsa ita ce majinyacin yana jin sauƙi a jikinsa. Irin wannan ana iya ƙara masa allura a sake hoto bayan mako huɗu zuwa takwas. Wanda hotonsa ya ɓaci, nauyinsa na raguwa, zafinsa na ƙaruwa, ciwon ne ke ci gaba, kuma kowane mako uku da aka ƙara ana jira yana rage ƙarfin da zai ɗauki kemo ko maganin saiti da shi, idan akwai wanda ya rage a gwada.